Bugun Zuciya da Shayin Direba

Na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin dabbobi a Damargu kafin zuciyata ta fara yi mini abin da take yi. Aikin rigakafi ne. Idan lokacinsa ya zo, sai a ɗora mana akwatunan ƙanƙara da kwalaben allura a bayan motar sarwis, wato ta ma'aikatarmu, mu bar Tanut mu shiga daji, muna bin rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, inda makiyaya ke kawo garkensu. Wani zubin sati biyu ba mu ga gida ba. Mu biyu ne a gaban mota, ni da direba. Mutumin Ollelewa ne, ya girme ni da shekaru, siriri, marar yawan magana, kuma duk inda muka sauka shi ke hura gawayi ya dafa shayi. Yana ce mini Likita, alhali ya san iyakar likitancina saniya da tunkiya. Ni ina ce masa Malam.

Abin ya fara ne a bakin wata rijiya a kwarin Tarka, ta ɓangaren Belbeji, da hantsi. Mun sha shayi kofi uku kamar kullum, an kora shanu cikin shingen ƙarfe, na yi wa kamar talatin allura. Sai murfin kwalba ya suɓuce mini ya faɗi. Na sunkuya na ɗauka, ina miƙewa na ji wani abu ya yi tsalle sau ɗaya a ƙirjina, daga nan sai gudu. Ba irin bugun da ke zuwa in mutum ya sha gudu ba ne, wanda ke hawa a hankali ya sauka a hankali. Wannan lokaci guda ya tashi, kamar an tada injin niƙa. Ina jin sa a wuya, ina jin sa cikin kunne, har gaban rigata na rawa.

Na ce wa mai shanun, wani dattijon Bafillace, a dakata mini kaɗan. Na zaga bayan mota na zauna a inuwarta, na ciro abin da nake sauraren huhun shanu da shi, na ɗora a ƙirjina ina duban agogo. A rubu'in minti na ƙirga arba'in da takwas, sannan ƙirgan ya ƙwace mini. Na sha sauraren zuciyar ɗan akuyan da aka kora aka kama, ba ta kai wannan ba.

Direba ya zo ya tsaya a kaina.

"Likita, lafiya?"

"Rana ce," na ce.

Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi fuskata, ya koma wajen murhunsa. Bayan kamar minti ashirin tari ya sarƙe ni, na yi shi da ƙarfi, sai abin ya tsaya. Yadda ya zo haka ya tafi. Shirun da ya biyo baya ma sai da ya ba ni tsoro. Na tashi na ƙarasa garken, sai dai fitsari ya dame ni yinin nan, ga gajiya kamar na yini ina noma.

A hanyarmu ta zuwa rijiya ta gaba na soma tunani, kuma ba tunanin alheri ba ne. Me na ci? Furar da na saba. Me na sha? Shayi. Sai na tuna kofin fari ya fi na kullum ɗaci. Ko kuwa bai fi ba, ni ne na ƙara masa ɗacin daga baya? Har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne, a tashar Tanut ana yawan faɗin wasu direbobi na haɗiyar tramol don kada barci ya ɗauke su, wasu ma a cikin shayi suke narkar da shi. Na saci kallon mutumin da ke riƙe da sitiyari. Shekara da shekaru yana tuƙi cikin rairayi tun asuba har la'asar, ban taɓa ganin ya yi hamma ba. Da can ƙwazo nake kiran wannan. Ranar nan na sake masa suna.

Ban ce yana nufina da sharri ba, a lokacin dai. Cewa na yi watakila nasa yake zubawa a buta mu sha tare, jikinsa ya saba, nawa bai saba ba. Daga ranar na zama mai gadin hannunsa. In ya tsuguna gaban murhu sai in sami dalilin tsayawa kusa, ina gyara igiyar akwati, ina neman alƙalamin da ke aljihuna. Na ga ganye, na ga sukari, na ga busasshen na'ana'a da yake ƙullewa a leda. Na kuma ga yana juya mini baya in zai zuba sukari. Iska yake karewa, ko ni? Kwana uku ina karɓar kofi ina kai wa baki, in ya kau da kai in tuttular a ƙasa. A na huɗu na ce masa ciki ke damuna, na bar shayi.

"Shayin duka, ko nawa?" ya tambaya.

"Duka."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Wanda bai yi zaman daji ba ba zai gane girman wannan ba. Mu biyu ba masu surutu ba ne, shayin nan shi ne hirarmu. A kan kofi na biyu yake gaya mini yadda gonarsa ta yi bana, a kan na uku nake gaya masa abin da ke cina a biro, wato ofis. Da na bar shi, sai muka koma kamar fasinja da direban haya.

Mun koma gida da kwana goma abin ya sake zuwa, a masallacin unguwa, ina ruku'un azahar. Sati uku ke nan rabona da shayinsa. Mai hankali da nan zai wanke direba. Ni kuwa cewa na yi abin ya riga ya shiga jini, ya ɓata wani abu da ba ya gyaruwa.

Na sallame, na hau kabu-kabu zuwa likita. Ramin farko da babur ya faɗa, bugun ya tsaya. Na shiga wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, da zuciya lafiyayya kamar ta kowa. Ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya ɗibi jini ya duba zazzaɓi, ya saurari ƙirjina gaba da baya. Babu komai. Sai ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Tsakaninmu ne, ba mai ji. Me kake sha?"

"Ruwa," na ce.

"Ku masu shiga daji na san wahalarku. In akwai ɗan abin da kake taimaka wa jiki da shi, ka faɗa mini, ba kai ne na fari ba."

Yana magana yana duban ƙwayar idona, irin kallon da nake yi wa hannun direba. Na fito raina a ɓace. Sau uku ina zuwa, sau uku abin na tsayawa kafin in iso. A na uku aka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana takardar zuciya, takardar ta fito tsaf. Aka ce gajiya ce da yawan tunani, in huta.

A gida ma an soma kallona. Mahaifiyata ta aiko da rubutu a gora daga ƙauye, da saƙon cewa in yi hankali da abokan aiki. Na sha rubutun, saƙon kuwa ya faɗa daidai inda nake so. Maiɗakina kuwa, wata rana na shigo na tarar tana laluben aljihun rigar da na cire.

"Me kike nema?"

"Wanki zan yi."

"Jiya kika wanke ta."

Ta ajiye rigar. "Maigida, likita ya ce lafiyarka lau. Ni kuma ina ganin ka zauna ka dafe wuya, fuska ba jini. To ɗaya daga cikinku bai gaya mini gaskiya ba."

Na ce mata ba ni ba ne. Amma da aka kawo tuwo sai na tsaya ina shinshina miya, ina tambayar me da me ta sa. Ta lissafa mini tun daga kuka har gishiri, sannan ta ɗauki cokali ta sha a gabana. Wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyar tunawa.

Cikin shekarar nan babu abin da ban tuhuma ba. Na bar goro. Na bar kofi. Na bar yaji. Ranar da ya zo mini bayan na ƙoshi, na rage ci. Ranar da ya zo mini da yunwa, na rasa abin da zan rage. Na koyi ɗaukar abu daga ƙasa ba tare da na sunkuya ba, in durƙusa a hankali kamar raƙumi. Da azumi ya zo cikin zafi, sau huɗu ya kama ni, duk da la'asar, lokacin da maƙogwaro ya bushe. Na sa ƙishirwa cikin waɗanda nake zargi, amma ban cire kowa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ƙwallo. Kowace Lahadi da safe muna haɗuwa a fili, malaman lekol, wato makarantar boko, ma'aikatan biro, jandarma biyu ko uku, duk masu tumbi da masu furfura, mu buga har rana ta yi zafi. Baya nake tsaro, kuma ba yabon kai ba, ba a wuce ni da sauƙi. Abin bai taɓa kama ni a fili ba, ko sau ɗaya. Amma na ce wa kaina, zuciyar da ke gudu ina zaune, me za ta yi in na kore ta? Na gaya musu gwiwa ce. Na koma zaman benci, daga baya na bar zuwa. Wanduna suka matse ni. Tafiyar da nake yi da ƙafa zuwa biro na koma yin ta a babur, kuma ko ɗiyata ƙarama ta miƙo hannu in ɗauke ta sai in ce ta je wurin uwarta.

A wurin aiki ban gaya wa kowa ba. Na san in magana ta fita za a ajiye ni a biro ina cika takardu, ni kuwa daji ne aikina. Mutum ɗaya ne ya gani da idonsa, shi ne direba. Da aka fita rigakafin shekara ta gaba, sau uku ya kama ni a gabansa. Mafi muni shi ne na wata rijiya ta wajen Falanko. Lokacin na riga na lura ruwan sanyi a fuska yakan yanke shi, don haka na buɗe akwatin allura na ciro ƙanƙara na danna a goshi da kumatu. Ranar nan bai ji ba. Ya fi awa guda yana gudu, idona na yin duhu yana washewa. Da ya tsaya, na ɗaga kai na ga direba tsugune nesa kaɗan, makullin mota a hannunsa.

"Malam, kada ka gaya wa kowa."

"Na ji," ya ce.

Mun dawo da kwana biyar shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya kira ni ofishinsa. Ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, sannan ya ce an gaya masa ba ni da lafiya.

"Wa ya gaya maka, ranka ya daɗe?"

"Ba wannan ne abin dubawa ba. Ba za ka sake fita daji ba sai ka kawo mini takarda daga likitan zuciya a Damagaram."

Na fito ina jin kamar an haɗa mini wani abu da ya daɗe a warwatse. Ya fara da shayi, yanzu ya kai ni ƙara. Saura dalili, kuma wanda ke neman dalili ba ya rasawa. Na tono wata rana shekara huɗu baya, da na hana shi ɗora awakin surukinsa a motar sarwis, a gaban mutane, da murya sama. Bai ce komai ba ranar. Na ce ashe ajiyewa ya yi.

Motar da za ta je Damagaram ɗauko allurai ita shef ya ce in bi. Direban kuwa shi ne. Muka tashi bayan an yi kari. Mun yi kamar rabin hanya, gonaki na wucewa da karan hatsi a tsaye, na kasa riƙewa.

"Malam, kai ka gaya wa shef."

"Ni ne."

Ko jinkiri bai yi ba. Na shirya wa musu, ban shirya wa wannan ba.

"Na ce maka kada ka faɗa."

"Na ce na ji. Ban ce na yarda ba."

"Me na yi maka?"

"Likita, ranar Falanko leɓenka ya yi fari fat. Daga inda muke zuwa titin gudro tafiya ce mai nisa. In ka cika a hannuna, me zan gaya wa maiɗakinka? In ce na sani na yi shiru?"

"Ko kuwa tsoro kake kada a tambaye ka abin da ka zuba mini."

Ya rage gudu a hankali, ya sauka gefen hanya, ya kashe mota.

"Ashe shi ne," ya ce. "Na ga rairayin da kake jiƙawa a Tarka. Na ɗauka ƙyamar kofina kake yi, na ce ba komai, kowa da halinsa." Ya sa hannu a aljihu. "Ba zan yi maka ƙarya ba, tramol na sha shi, lokacin ina tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa arewa. Na bar shi tun kafin in san ka. Abin da kake gani ina haɗiya, ga shi."

Ya miƙo mini katin ƙwayoyi. Maganin hawan jini ne. Na karanta sunan, na juya bayan katin na sake karantawa, yana kallona ina yi. Na buɗe baki in ce wani abu, katin ya zame tsakanin ƙafafuna, na sunkuya da sauri in ɗauka. Sai na ji tsallen nan.

Ya gane tun kafin in faɗa. Ya juya zai buɗe akwatin ƙanƙara, na riƙe masa hannu.

"A'a. Kada ka ba ni ruwa, kada ka ba ni komai. Kai ni da shi."

Ya dube ni kamar na zautu, sannan ya fahimta, ya tada mota. Ban taɓa ganin ya yi irin gudun nan ba, kuma ban taɓa ganin ya kauce wa ramuka da irin kulawar nan ba, don na gaya masa girgiza na iya tsayar da shi. Na zauna a sandare, ina numfashi sama-sama, ina danne tari. Fiye da shekara guda ina roƙon Allah abin nan ya tsaya, ranar nan ina roƙon kada ya tsaya. Ji nake na kama ɓarawo da kaya a hannu, ina tsoron ya suɓuce kafin mu isa gaban alƙali.

Bai suɓuce ba. Aka shigar da ni, aka manna wayoyi, takarda ta soma fita da zane a matse kamar haƙoran zarto. Likitar zuciyar mace ce, mai tabarau, mai saurin magana. Ta ja takardar ta duba, ta ce, "Yawwa, mun kama shi." Ta sa aka kishingiɗar da ni, ta ba ni sirinji babu allura, ta ce in hura bakinsa da ƙarfi kamar zan tura sandar cikinsa baya, kada in saki sai ta ce. Da ta ce in saki, suka kwantar da ni rigingine, mutum biyu suka ɗaga ƙafafuna sama. Karo na fari bai yi ba. A na biyu na ji ya yi cak, sannan ya dawo da bugunsa na kullum, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an yi mini hoton zuciya da gwajin jini, ta zana mini abin a bayan wata takarda. Ta ce zuciya da wuta take bugawa, wutar na da hanyar da take bi. Ni an haife ni da wata 'yar hanya ta daɗi. Wani lokaci wutar kan shiga nan ta dinga zagayawa, ta ƙi fita. Ta ce naman zuciyata lafiya yake, kuma irin wannan a zuciya mai lafiya ba kasafai yake kisa ba, wahalarwa yake yi.

"Likita, in wani ya zuba mini wani abu a shayi, zai iya jawo wannan?"

"Zai iya tada shi. Shayi mai ƙarfi ma shi kaɗai yana tada wa wasu. Ƙishirwa na tadawa, rashin barci, ɓacin rai, sunkuyo. Amma ba wanda ya sa maka hanyar nan, da ita ka zo duniya. Sau da yawa ma yana tashi ba dalili."

Cikin duk abin da ta faɗa, wannan "ba dalili" ne ya fi yi mini nauyi. Na fi son a nuna mini mutum ko abu in ce shi ne.

Da na gaya mata na bar ƙwallo, ta cire tabarau.

"Wa ya hana ka?"

"Ni na ga ya kamata."

"To ka ga ba daidai ba. Zaman nan da kake yi ya fi ƙwallo cutar da kai."

Ta ce in fara da tafiya, in ƙara sauri a hankali, in sha ruwa kafin in ji ƙishi, sannan in koma fili. Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kullum, ta ce kada in yanke ta kai tsaye don na ga sauƙi, kuma in azumi ya matso in dawo mu tsara. Ta ba ni sirinjin in riƙe a aljihu. Ta ce in na hura sau biyu ko uku bai tsaya ba, ko na ji ciwon ƙirji, ko na suma, kada in jira, in nemi likita. Ta kuma ce akwai aikin da ake yi, a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya a ƙona 'yar hanyar, yawanci a rabu da abin, amma su ba su da kayan aikin, sai an yi nisa. Takardar shef ta rubuta cewa zan iya fita daji.

A hanyar komowa, akwatuna cike a baya, na ce, "Malam, ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ce.

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Mun ƙara fita tare sau ɗaya. Yana dafa shayinsa, yana sha shi kaɗai, bai sake miƙo mini ba, ni kuma na kasa roƙa. Da damina ta wuce ya nemi a mai da shi Belbeji, aka mai da shi. Muna gaisawa ta waya da salla, yana tambayar jiki, ina tambayar gona. Na yarda da shi, na san na zalunce shi. Amma tun da gaskiya nake rubutawa, sai in faɗa: wani lokaci tunanin kan leƙo, in ce to kofin nan fa, in kore shi, ya tafi, ya sake leƙowa bayan wata biyu. Hali ne na koya wa kaina, kuma ya fi ciwon wuyar magani.

Ƙwayar ta yi aiki. Abin da ke zuwa sau uku a wata ya koma sau uku ko huɗu a shekara. Amma ita ma ban bar ta ta huta ba. Ta sa hannuwana sanyi, ta sa ina jin nauyi da safe, na dinga ƙirga bugun hannuna ina cewa yanzu kuma ya yi ƙasa da yawa. Ranar da kwalinta ya sake launi, sai da na koma farmasi na sa mai sayarwa ya nuna mini a rubuce cewa ita ce. Na koma fili bayan wata huɗu ina tafiya. Ƙafata ba ta da saurin da, aka wuce ni sau biyu a Lahadin farko, wani malamin lissafi ya ce gwiwar ce har yanzu? Na ce a'a, zuciya ce, na gaya musu duka. Sai suka sa ni a raga. Yanzu rabin wasa ina raga, rabi ina baya.

Maganar ƙona hanyar tana nan. Maiɗakina na so in je a yi, ta ce ta gaji da kallon wuyana. Ni kuwa ina so in ga mutum ɗaya da aka yi wa, in zauna da shi in yi masa tambayoyi, in ga yadda yake hawa tudu. Har yanzu ban same shi ba.

Tafiyar safe kuwa ban fasa ba. Bayan sallar asuba, in gari ya waye, ina bin gefen gudro ta arewacin Tanut har wata bishiyar aduwa, in juyo. Watan jiya, ina dab da aduwar, ya kama ni. Na zauna a gindinta, na ciro sirinji na hura har jijiyoyin wuyana suka tashi, na kwanta a ƙasa na ɗora ƙafafu a jikin bishiyar. Bai tsaya ba. Na tashi zaune na sake sa sirinjin a baki. Daidai nan wasu mata biyu suka zo wucewa da jaki ɗauke da jarkokin ruwa. Ta gaban ta ja igiyar jakin ta kauce zuwa ɗaya gefen hanyar.

"Kin gani ko?" ta ce wa 'yar'uwarta, ba ta ko rage murya ba. "Har da manya. Da furfurarsa."

"Da sassafen nan," ɗayar ta ce. "Allah ya shirya."

Sun ɗauka shaye-shaye nake yi. Ina so in yi musu bayani, amma bakina na kan sirinji, kuma in na saki sai na sake daga fari. Na ƙarasa hurawa, na kwanta, na ɗaga ƙafafu. Ya tsaya. Da na miƙe zaune sun yi nisa, ɗayar tana waiwaye. Na kakkaɓe rigata, na sha ruwan da ke gorata, na jira numfashina ya daidaita, sannan na kama hanyar gida da ƙafa.